An ce ɗana mai shekara 8 ya yi ƙiba, lissafin waya kuma ya ce lafiyarsa ƙalau: wanne zan ɗauka?

Abu Khalifa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da iyayen da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ɗana na biyu ya cika shekara 8 a watan da ya wuce, kuma a makarantarsu an gayyato wata ma'aikaciyar jinya ta auna tsawo da nauyin 'yan ajinsu baki ɗaya. Aka aiko mini da 'yar takarda cewa nauyinsa kilo 33 ne, tsawonsa santimita 127, a ƙasa kuma aka rubuta cewa ya shiga sahun masu ƙiba, a kai shi asibiti a ƙara dubawa.

Ba na musun cewa yaron yana da jiki, domin wandon yayansa mai shekara 11 ba ya shigarsa a ƙugu. Sai dai da na sa waɗannan alƙaluma a wata manhajar lissafin BMI, wato ma'aunin nauyin mutum a kan tsawonsa, da ke wayata, ta ba ni 20.5, ta kuma nuna kore, tunda a tsarinta sai mutum ya kai 25 ake cewa nauyinsa ya wuce kima, sai ya kai 30 ake kiransa mai ƙiba. Ni kaina nawa lissafin 26 ne, kuma ba a taɓa ce mini in je asibiti a kansa ba. Ta yaya yaro mai 20.5 zai zama abin damuwa fiye da ubansa mai 26?

A gida ma maganar ta raba mu. Mahaifiyata, wadda ta raini 'ya'ya tara kuma ta sha fama da masu rama a cikinsu, ta ce jikin gado ne, kada a sa wa jikanta baki, ta ƙara da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idonta bai ga ciwo a jikin yaron ba. Mahaifiyarsa kuwa ta tsorata har ta fara rage masa tuwon dare, shi kuma yana kwana da kuka. Tambayoyina uku ne: wanne lissafi ne daidai, na makaranta ko na waya? Shin jadawalin da ake auna yaran da shi ya dace da 'ya'yanmu, ko kuwa an yi shi ne da jikin 'ya'yan Turawa? Sannan ya kamata a ci gaba da rage masa abinci ko a daina?

Malama Hadiza, jami'ar lafiya, Argungu

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya Khalifa da 'yan uwansa. Lissafin wayarka bai yi kuskure ba a wajen lambar, kuskuren yana wajen fassarar ta. Ana samun BMI ne idan aka ɗauki nauyi a kilo aka raba shi da tsawo a mita wanda aka ninka da kansa. Tsawon yaronka mita 1.27 ne, idan aka ninka shi da kansa zai ba da kusan 1.61, idan kuma aka raba 33 da 1.61 sai a sami 20.5. Har nan kai da ma'aikaciyar jinyar kuna kan magana ɗaya. Inda kuka rabu shi ne, manhajar ta auna shi da iyakar manya, wato 25 da 30, ita kuwa ta ɗora lambar a kan jadawalin yara maza masu shekarunsa.

Dalilin da ya sa ba a amfani da iyaka ɗaya ga yara shi ne jikinsu ba ya tsayawa wuri guda. A shekarar farko jariri yana tara kitse, BMI ɗinsa ya yi sama, shi ya sa muke ganin kumatu da cinyoyi masu ninki. Da zarar ya fara tafiya da guje-guje sai ya miƙe, lambar ta riƙa sauka har zuwa wajen shekara 5 ko 6, daga nan ta sake hawa sannu a hankali har ya wuce balaga. Saboda haka lambar da take daidai ga saurayi mai shekara 17 tana iya zama mai yawa ƙwarai ga ɗan shekara 8, kuma ta 'ya mace ta bambanta da ta ɗa namiji ko da rana ɗaya aka haife su.

A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, wanda aka yi wa masu shekara 5 zuwa 19, akwai layin tsakiya, akwai layuka a samansa da ƙasansa. Ga yaro namiji mai shekara 8 cif, layin tsakiya yana kan 15.7. Layin farko na sama, wanda muke kira +1, yana kan 17.4, kuma wanda ya haura shi ana cewa nauyinsa ya wuce kima. Layi na biyu, +2, yana kan 19.7, wanda ya haura wannan shi ake rubutawa mai ƙiba. Ka ga ke nan 20.5 ya tsallake layi na biyu, kuma abin da ma'aikaciyar ta rubuta ya yi daidai da alƙaluman da ta samu. Waɗannan layuka suna tafiya suna hawa tare da shekaru, har idan aka kai shekara 19 sai layin +1 ya faɗa kusa da 25, layin +2 kuma kusa da 30, wato su haɗu da iyakar manya da ka gani a waya.

Tambayarka ta biyu tana da tushe, kuma amsarta kashi biyu ce. Jadawalin yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda ya fito a 2006, an gina shi ne a kan binciken da aka yi daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. An bi yara fiye da dubu takwas waɗanda aka shayar da nono kuma suka tashi cikin kulawa, aka tarar cewa girman ɗan Accra da na ɗan Oslo kusan ɗaya ne matuƙar an ba su dama iri ɗaya. Wannan jadawalin namu ne kamar yadda yake na kowa. Na masu shekara 5 zuwa 19 kuwa an sake gina shi ne daga tsofaffin alƙaluman yaran Amurka na 1977, aka daidaita shi da na ƙananan yara, don haka mai cewa ba da jikin 'ya'yanmu aka yi shi ba bai faɗi ƙarya ba. Duk da haka ni ina aiki da shi da natsuwa, domin an tattara waɗannan alƙaluma ne kafin ƙibar yara ta yaɗu a can, kuma a matsayin abin tantancewa na farko yana nuna mana yaron da ya kamata a ƙara dubawa.

Kafin ka yanke komai, ina roƙon a sake awon. Awon da ake yi wa aji guda cikin awa ɗaya yana da saurin shigar kuskure: yaro da takalmi a ƙafa, ko hula a kai, ko sikeli a kan ƙasa marar daidai, ko allurarsa ba ta koma sifili ba. Dubi yadda ɗan bambanci yake canza hukunci. Da a ce tsawonsa na gaskiya santimita 130 ne maimakon 127, da BMI ɗinsa ya zama 19.5, wato ya dawo ƙasan layin +2. Ka kai shi cibiyar lafiya mafi kusa da safe, a cire masa takalmi da kaya masu nauyi, ya tsaya dugadugansa da mazaunansa da kafaɗunsa da ƙeyarsa suna taɓa allon awo, idonsa yana kallon gaba, a auna sau biyu. Ka tafi da takardar haihuwarsa, domin jadawalin da watanni yake aiki. A nan karkara wannan ita ce babbar wahalarmu, sau da yawa sai mun tambayi uwa ko da damina ta haihu ko da kaka, kafin azumi ko bayan babbar salla, kafin mu iya sa yaro a gurbinsa.

Maman Sadiya, Ƙauran Namoda

Salamu alaikum. Na karanta bayanin Malama Hadiza kuma na ƙaru, amma ina so in ce wani abu a madadin Hajiya, mahaifiyar Malam, domin tsoronta ba na banza ba ne. Mu a wannan yanki abin da ya fi cin 'ya'yanmu shi ne tamowa da tsumburewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu, kuma jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha da kashi 66, alhali masu nauyin da ya wuce kima kusan kashi 2 ne kawai a ƙasar. Tsohuwar da ta ga irin wannan da idonta, ta yaya ba za ta yi murna da jika mai kumatu ba?

Sai dai ni abin da ya same ni ya koya mini cewa ido yana ruɗuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Ɗiyar ƙanwata, bayan an yaye ta tana wata 19, ta yi gudawa mai tsawo, daga baya sai muka ga fuskarta ta cika, ƙafafunta sun yi ɓul-ɓul, har maƙwabta suna cewa ta murmure. Ni da kaina na yi wa uwar barka. Da aka kai ta awo nauyinta bai yi ƙasa sosai ba, amma ma'aikacin ya danna bayan ƙafafunta biyu da manyan yatsunsa na daƙiƙa uku, da ya ɗaga sai ramin ya tsaya bai cike ba. Ya ce ruwa ne ya taru, kuma wannan tamowa ce mai tsanani wadda take buƙatar magani a ranar. Da sikeli kaɗai aka bi, ko da idonmu, da mun zauna da ita a gida muna jin daɗi. Allah ya sa ta warke, yanzu tana aji biyu.

Akwai kuma abin da nake so likitoci su yi magana a kai. Wasu iyaye mata suna sayen magungunan sa ƙiba a kemis, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, suna ba yara don a ce suna samun kulawa. Ban ce haka ake yi a gidan Malam ba, amma duk wanda yake tambaya a kan ƙibar yaro ya dace ya bincika ko akwai wani sirop ko ƙwaya da ake ba shi ba da saninsa ba.

Dakta Umar, Yauri

Malam Abu Khalifa, abin da Malama Hadiza ta rubuta shi ne abin da zan faɗa maka da ka zo wurina, don haka zan ɗora ne kawai a inda ta tsaya.

BMI ba ya auna kitse kai tsaye. Nauyi ne da tsawo, kuma sikeli bai san bambancin kitse da tsoka da ƙashi da ruwa ba, kamar yadda labarin Maman Sadiya ya nuna. Asalin lissafin ma wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a masu yawa, sunan da muke kiransa da shi yanzu kuma Ancel Keys ne ya yaɗa shi a 1972. Yaron da yake tuƙa kwalekwale tare da mahaifinsa a nan bakin kogi, ko wanda yake noma da kokawa, yana iya haura layin +1 ba tare da teɓa ba. Amma gaskiyar magana ita ce, a shekara 8 da wuya tsoka kaɗai ta kai yaro sama da layin +2, kuma maganar wandon yayansa da ka yi ta fi karkata ga kitsen ciki. Akwai awo mai sauƙi da za ka ƙara: ka zagaya ƙugunsa da tef ɗin tela, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan ya fitar da numfashi. Abin da ake so shi ne kada kewayen ƙugun ya kai rabin tsawonsa, wato a wurinsa ya kasance ƙasa da santimita 63 da rabi.

Abin da ya fi lamba ɗaya amfani a wurina shi ne hanyar da yaron ya biyo. Idan katin awonsa na ƙuruciya yana nan, da duk wani awo da aka taɓa yi masa a asibiti, ka tattaro su. Yaron da ya tsallake layi biyu cikin shekara biyu ko uku yana gaya mana cewa wani abu ya canza a rayuwarsa, kuma aikinmu shi ne mu gano shi. Ina kuma duba tsawo da kyau. Yaron da ƙibarsa ta ci da zama ce yawanci tsawonsa daidai ne ko ma ya ɗara na tsaransa, kuma santimita 127 shi ne kusan tsakiyar jadawali ga ɗan shekara 8, wanda hakan abin kwantar da hankali ne. Wanda yake ƙiba alhali tsawonsa ya tsaya, shi ne muke zargin matsalar sinadaran jiki ko magani. A nan maganar sha ka fashe ta shigo: a cikinsu akwai masu buɗe ciki, akwai kuma irin su dexamethasone, waɗanda suke kumbura fuska, su raunana garkuwar jiki, su danne tsawo, kuma wanda ya daɗe yana shan su ba a tsayar masa da su rana ɗaya sai da kulawar likita. Ka kuma duba wuyansa ta baya da hammatarsa, ko akwai baƙi mai kauri kamar dauɗar da ba ta fita da wanka, ka lura ko yana minshari mai ƙarfi da dare. Idan akwai ɗaya daga cikinsu ka faɗa wa likita, domin za a so a duba suga da hawan jini.

Game da tuwon dare, ina roƙon uwargida ta daina rage masa ta wannan hanya. Yaro mai girma ba a sa shi yunwa, kuma mafi yawan masu irin lambarsa ba rama muke nema musu ba, so muke nauyin ya yi jinkiri tsawo ya kamo shi. A wannan shekaru yaro yana ƙara kusan santimita 5 zuwa 6 a shekara. Idan ya kai shekara 10 da tsawon santimita 138, kuma nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 kacal ya zama 35, BMI ɗinsa zai zama 18.4, alhali layin +1 a wannan shekara yana kan 18.5. Ka ga ya fita daga sahun gaba ɗaya ba tare da ya rasa kilo ko ɗaya ba. Inda ake samun wannan shi ne a cire lemon kwalba da na kwali da shayi mai suga cokali uku, a rage biskit da soye-soyen ƙofar makaranta, a bar masa tuwonsa da miyar ganye da wake da kifi, sannan ya sami wasan da zai sa shi gumi na aƙalla minti 60 kowace rana, wanda shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga masu shekara 5 zuwa 17. A yi canjin ga gidan duka, kada a ware shi da kwano dabam, kuma a hana 'yan uwansa kiransa da sunan tsokana.

Abu Khalifa, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya na kai shi cibiyar lafiya ta unguwarmu aka sake awo ba takalmi: kilo 32 da rabi, santimita 128, wanda ya ba da 19.8, wato yana kan layin +2 ɗin nan da ɗan ɗoriya. Ƙugunsa santimita 67 ne. Wuyansa ba baƙi, ba a kuma ba shi wani magani, na bincika. Mahaifiyarsa ta nemo tsohon katinsa, kuma har zuwa awon ƙarshe da aka yi masa kafin ya cika shekara 5 yana bin layin tsakiya ne. Da muka zauna muka yi lissafi, canjin ya faro ne lokacin da muka tashi daga tsohuwar unguwa, inda yake tafiya makaranta da Islamiyya a ƙafa, muka koma inda nake kai su a mota, ga kuɗin tara da nake ba shi kullum wanda ashe a lemo da cincin yake ƙarewa. An mayar masa da tuwonsa.

Saura tambaya ɗaya. Ƙanwarsa tana da wata 18, ita ma mai jiki ce, kuma har yanzu tana shan nono. Shin wannan lissafin zan yi mata? Na ga kuma ana auna damtsen yara da wani tef mai launi uku a ranar rigakafi, shin shi ma yana nuna ƙiba?

Malama Hadiza, Argungu

Madalla da aka sake awon, Malam. Ita ƙaramar kada ka yi mata lissafi a gida. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna tsawonsa a kan allo, mutum biyu suna riƙe da shi, ɗaya a kai ɗaya a gwiwoyi, domin awon kwance yana ɗara na tsaye da kusan santimita 0.7, kuma jadawalin ya yi la'akari da haka. A ƙasa da shekara 5 mun fi duba nauyi a kan tsawo, iyakokin kuma sun fi sassauci: sai yaro ya haura +2 ake cewa nauyinsa ya wuce kima, sai ya haura +3 ake cewa ƙiba. Ba a yaye yarinya ko a rage mata nono saboda kumatu, a ci gaba da shayar da ita har shekara 2, abin da za a kiyaye shi ne lemo da alewar da yayyenta suke sa mata a baki.

Tef ɗin damtse na neman tamowa ne a yara masu wata 6 zuwa 59. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, rawaya daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, kore daga 12.5 zuwa sama, kuma koren ba ya bambanta mai jiki daidai da mai ƙiba. Shi yaron a sake auna shi bayan wata uku a wannan cibiyar da wannan sikelin, a rubuta kwanan wata da nauyi da tsawo a takarda ɗaya da za ka adana. Ranar da za ku koma ka roƙi Hajiya ta raka ku, a nuna mata tsohon katin da sabon awon gefe da gefe.